Ƙariya, Lalle da Rumman: Yadda Fulawa Ta Shigo Gidajen Wurno



Wata 'yar gardama ce da aka yi a gidanmu ranar wani suna ta jawo rubutun yau. Bayan an watse da cin abinci, mata sun baje a tsakar gida, sai gwaggona da matar yayana suka shiga yabon shukokinsu. Matar yayana tana da wata fulawa mai ƙaya da ta haye katangar ɗakinta ta yi jajir, wadda ta sayo a Sakkwato tun tana 'yar tsito cikin leda. Gwaggo kuwa ƙariya gare ta a cikin wani tsohon bokitin ƙarfe, ta ce shekararta bakwai tana renonta, kuma ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa fasa fure ba. Kowace ta ciro waya tana nuna hotuna, har da na lokacin da shukar take jaririya, kamar masu nuna hoton ɗa.

Kakarmu, wadda muke kira Inna, tana gefe kan tabarma tana jin su. Da suka lafa sai ta dubi matar yayana ta ce, “Ke ɗiyar nan, wanga iccen naki, ci akai ko magani akai da shi?” Aka ce mata ai na kallo ne kawai. Ta gyaɗa kai ta ce, “To, ƙarya hure takai, ba ta ɗiya.” Aka kwashe da dariya, har da gwaggo, wadda ta manta cewa karin maganar a kan bokitinta ya fi faɗawa.

Na koma gida da tambayar Inna a raina. Ni ma ina cikin masu wannan ɗabi'a, ina da tukwane shida a bakin ɗakina. Yaushe muka fara shuka abu don kallo kawai a ƙasar Wurno, inda ruwa yake da daraja haka? Kuma shin kakanninmu da gaske ba su san daɗin fure ba?

Harshe ne ya fara ba ni haske. Muna da kalmar fure tun fil azal, Basakkwace ya ce hure. Amma fure a wurin Bahaushe mataki ne a kan hanya: wake ya yi fure, auduga ta yi fure, mangwaro ya yi fure, ana jiran abin da zai biyo baya. Da muka zo ga shukar da furen ne kaɗai amfaninta, sai muka ari kalmar Bature muka ce fulawa, har ta zo ta yi karo da fulawar da ake yin burodi da ita. Aron kalmar nan shaida ce cewa akwai wani abu baƙo da ya shigo. Sai dai baƙon bai tarar da gida wayam ba, kuma a nan ne Wurno take da abin faɗa fiye da garuruwa da yawa.

Wurno gari ne da aka gina da niyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya riƙe daular daga 1817 zuwa 1837, shi ya mayar da ita ribaɗi a wajajen 1830, a kan tudun da ke kallon fadamar gulbin Rima, don ta tare hanyar Gobirawa daga arewa maso gabas. A nan ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana nan ana ziyarta har gobe. Ribaɗi a tunanin Bello ya wuce ganuwa da mayaƙa. Yana son mutane su zauna wuri ɗaya su yi noma da sana'a, har Fulani makiyaya ya riƙa jawowa su yi gida. A cikin Usul al-Siyasa, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da manoma da masu sana'a da gina garuruwa da kasuwanni cikin haƙƙin da ke wuyan shugaba.

Bello kuma mutum ne mai son tsirrai. Ya yi rubuce-rubuce a kan magani, akwai wanda ya yi a kan basur, akwai na ciwon ido, akwai wani guda sukutum a kan filasko. Masu tarihin daular da ruwayoyin baka suna dangana masa garka ta musamman da ake renon itatuwan magani a ciki, da ƙarfafa noman rake da rumman, da yaɗa ban-ruwa da jigo. Duk wanda ya taɓa ganin jigo ya san wahalarsa: doguwar sanda a kan gwafa, dutse ko curin laka a gindi, guga a baki, mutum yana sunkuyawa yana miƙewa tun safe don ruwa ya bi ƙananan hanyoyi zuwa fangali. Wanda ya ɗebo ruwa da irin wannan gumi ba zai zuba shi a gindin abin da ba shi da amsa ba. Ina jin tambayar Inna daga bakin jigo ta samo asali.

To amma a dubi rumman ɗin kansa. Sau uku aka ambace shi a cikin Alƙur'ani, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman, don haka malami yana da dalilin girmama shi. 'Ya'yansa abinci ne, ɓawonsa maganin gudawa ne. Furensa kuwa ja ne mai ruwan wuta, wanda idan ya buɗe a cikin koren ganye ba ka iya wucewa ba ka waiwaya ba. Mutumin da ya dasa rumman a gidansa a zamanin Bello ya sami abin kallo ba tare da kowa ya tuhume shi da ɓarnar ruwa ba. Wannan ita ce dabarar da na lura da ita a duk tsofaffin shukokin gidajenmu: ado yana nan, amma sai ya sami wani aiki ya laɓe a bayansa kafin a bar shi ya shigo.

Lalle ya fi kowa iya wannan laɓewa. Ana dasa shi a matsayin shinge, ana tsinkar ganyensa a shanya a daka don ƙunshi, amarya ba ta tafiya sai an sa ta a lalle. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne furensa, 'yan ƙanana farare masu fitowa a cunkushe, waɗanda ƙamshinsu yake cika gida bayan magariba idan iska ta kaɗa. Larabawa suna da suna na daban ga furen lalle saboda darajarsa, mutanen Indiya kuwa turare suke tatsa daga gare shi. Inna da take yi wa mutane gori, ita ce ba ta yarda a sare reshen lallen bayan ɗakinta idan ya fara fure. Na tambaye ta dalili, ta ce, “Kai maigida, bar ni da tambaya, ƙamshi nai nika so.” Ashe ita ma tana da fulawarta, sunan ne kawai ba ta ba ta ba.

Haka ɗaɗɗoya. A yawancin tsofaffin gidaje za ka same ta a gindin randa ko a bakin wurin alwala, inda ruwa yake ɗiga ba da nufin ban-ruwa ba. Ana sa ta a miya, ana dafa ta don mura da ciwon ciki, ana cewa tana korar sauro. Amma mace za ta wuce ta murza ganye ɗaya a yatsa ta shinshina ta ci gaba da aikinta, ba miya a ciki ba magani.

Wajen gida kuwa, alfaharin maza a kan inuwa yake. Durumi, cediya, tsamiya, gawo, kuka. Sunayen wurare sun riƙe mana wannan: Gawon Nama da Giginya a Sakkwato, Rimawa a ƙasar Goronyo. Ana ruwaito cewa a gindin wani faru aka yi wa Shehu mubaya'a a Gudu a 1804. Mutum yakan yi suna da itacen ƙofar gidansa, a ce gidan mai durumi, kuma wanda ya dasa ya san jikokinsa ne za su fi shan inuwar.

Wurno ta daɗe tana karɓar baƙi masu rubutu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna a garin daga Afrilu zuwa Mayu na 1853 a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello, kafin ya wuce Gwandu da Tambutu, ya kuma sake biyowa a 1854. Joseph Thomson ya zo a 1885 yana neman yarjejeniyar ciniki wurin Sarkin Musulmi Umaru. Idon irin waɗannan baƙi yana kan fada da kasuwa da fadama. Baƙo namiji iyakarsa zaure, lalle da ɗaɗɗoya kuwa suna can ciki wurin mata. Shi ya sa wanda yake son tarihin wannan fanni sai ya zauna gaban tsofaffin mata kafin su ƙare.

Bari in dawo kan bokitin gwaggo, don ƙariya ce ta fi ba ni mamaki a duk binciken nan.

Ita ce shuka guda da na samu a cikin tsofaffin shukokinmu wadda ba a ci, ba ta da inuwar kirki, kuma duk da haka ana dasa ta a gari tun kafin zuwan Turawa su yi ƙarfi. John Dalziel, wani likita ɗan Sukotlan da ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916 a littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary, kuma ƙariya tana ciki da sunanta na Hausa. 'Yar ƙasa ce, ba a kawo ta daga ko'ina ba. Tana fitowa a daji tun daga Senegal har Sudan da Somaliya, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman. Sunanta na kimiyya, Adenium obesum, daga birnin Aden aka ciro kashin farko, kashi na biyu kuwa yana nufin mai ƙiba, saboda kumburarren gindinta. A cikin wannan gindi take ajiye ruwa. Idan rani ya tsananta sai ta zubar da ganye, ta tsaya tsirara kamar ta mutu, daga nan kuma furanni masu ruwan hoda da ja su ɓarke a kan rassan da ba ganye ko ɗaya. A lokacin da gari ya yi fari fat, ƙura ta rufe komai, ita kaɗai take ado.

Tana da wuyar yin 'ya'ya idan an dasa ta a gida. Takan shekara tana fure ba a ga komai ya biyo baya ba, sai jefi-jefi ta fitar da kwanso biyu masu kama da ƙahoni. Wanda ya san haka, ya kuma ji yadda sunanta yake kusa da ƙarya, zai gane cewa karin maganar nan ta fure ba 'ya'ya tana da baki biyu: ana zagin maƙaryaci, ana kuma kwatanta wata shuka da kowa yake gani a ƙofar gida. Kenan kakanninmu sun lura da ita sosai har suka yi mata habaici, amma ba su tumɓuke ta ba.

Tana da wani aikin a ɓoye, mai ban tsoro. Ruwan jikinta dafi ne da ke taɓa zuciya. A sassa da dama na Afirka an yi amfani da shi wajen dafin kibiya da kashe kifi. Danginsu ɗaya da kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa suka fi dogara da shi wajen dafa kibau, haka ma tumfafiya. Don haka masu ita a gida, a kula da yara, a wanke hannu bayan an yanke reshe, kada ruwan ya shiga ido. Dafin nan kuwa shi ne garkuwarta. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai da sunan fatar Maroko, ita ce babbar abokiyar gabar duk mai son shuka a ƙasar nan. Ta ci zogale, ta ci rumman, ta ci takardar makaranta. Ƙariya kuwa takan shinshina ta wuce.

Ga abin haushi da ban dariya. Wannan shuka da muke yi wa habaici yanzu kasuwa ce babba a duniya. Manoman fulawa a Tailan da Taiwan sun ɗauke ta sun yi ta aure da dashe, sun fitar da masu fure ninki-ninki, fari da rawaya da ja mai duhu kamar baƙi, suna sayarwa ƙasashe da sunan furen hamada. Suna shuka ta daga iri don gindin ya kumbura sosai, saboda wadda aka dasa daga reshe ba ta yin gindi kamar ta iri. Na ga masu sayar da fulawa a bakin titi a Sakkwato suna yi mata kirari da sunan Turanci, suna tsuga kuɗi, mai saye yana murna ya sami kayan waje, alhali ƙila akwai irinta a bayan gidan kakarsa ba wanda ya kula.

Fulawa a ma'anarta ta yau, wadda ake jerawa a layi a yi mata aski, da Turawa ta zo. Bayan yaƙin Giginya na 15 ga Maris 1903, sun kafa barikinsu a wajen ganuwar Sakkwato, daga baya aka sami unguwar da muke kira Ji'ar'e. Kowane gidan Bature da gadina, mai aikin ban-ruwa da share ganye. Suna kewar lambunan ƙasarsu, amma furannin Ingila ba sa jure zafinmu, sai suka riƙa kwaso shukoki daga sauran ƙasashe masu zafi. Fulawar matar yayana tana cikinsu. Sunanta bogenbiliya, asalinta Kudancin Amurka. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Philibert Commerson, ya tsinko ta a kusa da Riyo ta Barazil a 1767, ya sa mata sunan shugaban tafiyarsu, Bougainville. Mataimakinsa a tafiyar mace ce, Jeanne Baret, da ta yi shigar maza don a bar ta ta hau jirgi, kuma masu tarihi da yawa suna ganin ita ta yi mafi yawan wahalar tattara tsirran, don shi maigidan ba shi da lafiyar ƙafa. Jan abin nan da muke kira furenta ma ganye ne da ya rikiɗe, ainihin furen ɗan ƙaramin fari ne a tsakiya. Da na gaya wa matar yayana haka sai ta ce in bar mata kayanta yadda ta san su.

Babban baƙon da ya fi kowa nasara shi ne dogonyaro, wanda Kanawa suke kira darbejiya, Katsinawa bedi. Ɗan Indiya ne. A 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno, daga nan ma'aikatan gandun daji suka baza shi Arewa. Yau yaron Wurno ko Rabah ba zai yarda cewa akwai lokacin da babu shi ba. Shehu bai taɓa zama a inuwarsa ba, Bello ma haka. Ko Sardauna, da aka haifa a Rabah shekaru kaɗan bayan zuwan Turawa, ƙuruciyarsa ba a gindin dogonyaro ya yi ta ba. Ya karɓu ne don ya amsa tambayar Inna tun kafin a yi masa ita: inuwa, maganin zazzaɓi, asuwaki, itacen girki, ga shi ba ya neman ban-ruwa idan ya kama. Bayan farin 1973 da na 1984, da gwamnati ta tashi dashen itatuwa don tare hamada, shi aka fi dasawa. Kuɗin da muka biya shi ne durumi da cediya da suka ja baya a ƙofofin gidaje, don ba mai haƙurin jiransu.

Daga bariki fulawa ta bi ma'aikata zuwa makarantu da asibitoci da sakatariya. Da yawa cikinmu a makarantar firamare muka fara ganinta, a kewaye da tutar makaranta, an jera farin dutse, kuma ban-ruwanta horo ne ga wanda ya makara. Ina ganin wannan ya sa maza da yawa na tsararmu suka tashi suna ƙinta.

Cikin gida kuwa ta wata ƙofa ta shiga, ƙofar jere. Tun kafin a ga fulawa mai rai a tsakar gida, ɗakin amarya cike yake da ita: a jikin langa da fanteka da tasoshin da ake jerawa har rufi, a jikin atamfa, a zanen gado. Sai fulawar roba ta zo ta hau kan kabad. Sai zanen lalle na zamani ya maye gurbin ƙunshi, 'yan mata suka koma zana furanni a hannu da ƙafa. Macen da ta girma tana kallon fure a kwano da zane, ranar da ta sami siminti a tsakar gida da famfo ko rijiya kusa, ba abin mamaki ba ne ta so ganin mai rai. Shi ya sa a garuruwanmu yawancin masu alfahari da fulawa mata ne, kuma hanyar yaɗuwarta ba kasuwa ba ce sosai, kyauta ce. A je barka ko gaisuwa, a ga shuka, a roƙi reshe, a naɗe a leda da 'yar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gwaggo tana iya lissafa gidaje tara da ƙariyarta ta haifa, wasu a Achida, ɗaya har Goronyo.

Sai dai maganar ruwa tana nan inda Bello ya bar ta. Damina a ƙasar nan wata huɗu ce idan an yi sa'a, daga Yuni zuwa Satumba, a Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Injin ban-ruwa ya kori jigo daga fadama, Wurno ta ƙara suna da tafarnuwa da albasa da shinkafa. Amma gulbin nan ba shi da alƙawari. A Satumba 2010 ya yi ambaliyar da ta cinye gonaki da ƙauyuka, a 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har hankalin Sakkwato ya tashi. Kuma ruwan fadama daban, na tudu daban. Wurno a kan tudu take, gida da yawa da kuɗi suke sayen jarka wurin 'yan garuwa. A irin wannan gida, fulawa ba ta da haƙƙin ruwa mai kyau. Abincinta ruwan alwala ne da ɗaurayen shinkafa da na wanke kayan miya. Masu gwaninta sun san ba a ba ta ruwan omo, sun san a rufe bakin tukunya da ɓuntun shinkafa ko busasshen ganye don kada rana ta shanye danshi, sun san ban-ruwa da yamma ya fi na tsakar rana.

Ni ban san wannan ba lokacin da na fara. Shekarar da na gama difloma na dawo da fulawowi huɗu daga wani mai sayarwa a birni, masu faɗin ganye masu sheƙi, irin waɗanda ake kawowa daga Kudu da Jos. Ya rantse mini suna jure rana. A hunturu suka yi kyau har maƙwabta suna leƙowa. Kafin ƙarshen Afrilu uku sun ƙone ƙurmus, ta huɗun akuya ta gama da ita. Na kirga jarkokin da na saya dominsu, na kasa gaya wa kowa a gida. A ganina a nan ne masu son fulawa na yanzu muke da laifi: muna sayen abin da muka gani a hoton gidajen Abuja, muna raina abin da ya saba da ƙasarmu. Ga minjirya mai jan fure, ga marga da take zubo rawaya kamar zinariya a ƙarshen rani, ga gurjiya, duk 'yan gida ne, amma ban taɓa ganin mai sayar da fulawa ya jera su a leda ba.

Duk da haka ban ba Inna gaskiya duka ba, kuma na sami hujjar da na kai mata. Akwai wata 'yar fulawa mai fure fari ko ruwan hoda mai kunne biyar, wadda take fitowa ko a tsagin siminti, kusan kowace makaranta da asibiti akwai ta. Asalinta tsibirin Madagaska, kuma ita ma dangin ƙariya ce. An daɗe ana dasa ta don kallo. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada da Amurka suka gano sinadarai a ganyenta, aka fitar da magunguna biyu, vinblastine da vincristine, waɗanda har yau ake ba masu cutar daji, musamman sankarar jini ta yara. Wannan ba yana nufin a tsinko a dafa ba, ɗanyenta guba ce, kuma ganye mai ɗimbin yawa ake tacewa kafin a sami ɗan kaɗan. Na bayyana wa Inna duk wannan, na ce ga fure ya yi ɗiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “To ai ka gani, magani akai da ita.” Wato ta mayar da hujjata cikin jakarta.

Akwai wani abu da na gani bara wanda ya sa na daina ɗaukar maganar nan da wasa. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato yake ciki a 'yan shekarun nan, ƙauyuka nawa ne a ƙasar Rabah da Goronyo mutanensu suka kwana a gida suka wayi gari a hanya. Wata baiwar Allah daga cikin waɗanda suka taso tana zaune da 'ya'yanta a wani kango kusa da mu. Ta zo gidanmu ɗibar ruwa, ta ga bokitin gwaggo da aka kawo mana ajiya lokacin da gwaggo ta yi tafiya. Ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce akwai irinta a ƙofar ɗakinta a can, uwar mijinta ce ta dasa, ta fi ta tsawo. Ba ta yi maganar hatsin da suka bari a rumbu ba, ba ta yi maganar awaki ba, a ranar dai. Ta ce ta san yanzu tana nan tana fure, tunda ba ta buƙatar kowa.

Da gwaggo ta dawo aka ba ta labari. Ta sa wuƙa ta yanke reshe mai kauri, ta ajiye shi a inuwa kwana uku don bakin ya bushe, kamar yadda ake yi don kada ya ruɓe, sannan ta cika gwangwanin madara da yashi ta kafa shi, ta aike ni da shi. Inna tana kallonmu daga kan tabarma. Da na kai bakin zaure sai ta kira ni ta ce in tsaya, ta sa aka karyo reshen lalle daga bayan ɗakinta, ta ce in haɗa da shi.